Mai Facin da Ba Ya Taɓa Sholisho

Kafin motar farko ta tashi daga tasha ya riga ya iso. Ba ya fara buɗe shago. Sai ya tsaya a bakin titi tukuna, ya dubi wani ɗan ƙyalle da ya ɗaure a jikin ƙusa, ya ga inda iska ta dosa. In daga gabas take busowa, ya ja benci ya kai gabas. In ta juya da rana, ya sake ja. Bayan nan ne zai zare kwaɗo, ya turo injin ba da iska waje, ya cika baho da ruwa, ya jera jak da sufanu a kan buhu. Shekara ashirin da huɗu ke nan yana haka.

Direbobi suna kiransa Baba Ja-da-baya. Da tsiya aka laƙa masa sunan. Ya amsa, sunan ya bi shi.

Duk wanda ya taɓa kawo masa taya ya san dalili. Shi zai kwance ta, ya zaro tub, ya tsoma a ruwa har ya ga inda kumfa ke fita. Shi zai kankare wurin, ya yanka faci daidai. Daga nan sai ya tura mai motar shagon mai batir da ke kusa, ya karɓo ɗan gwangwanin sholisho, don a can yake kwana, a can yake wuni. Mai motar ne zai buɗe, shi zai shafa da hannunsa. Baba kuwa ya ja baya taku biyar, ya tsaya ta inda iska ke zuwa, hannuwansa a bayansa, yana ba da umarni daga nesa. Kaɗan. Baza shi. Rufe gwangwanin. Sai warin ya wuce zai dawo ya manna facin ya danne.

Baƙi kan yi fushi. Wani ya ce shi gyara ya zo a yi masa, ba koyon sana'a ba. Baba ba ya musu. Yakan nuna masa wani mai facin a tsallaken titi. Da yawa sun tsallaka. Da yawa kuma sun dawo, don facinsa ba ya ɗagowa.

Ba ya ɓoye tarihinsa, ba ya kuma tallarsa. Yana ɗan shekara goma sha tara ya fara shaƙa, a rumfar wanda ya koya masa aiki. Ya shekara goma sha huɗu a ciki. Wata rana ya ɗaura wa wata bas taya kansa na hayaƙi, bai ɗaure notuna ba. A kwanar farko tayar ta fita. Ba a mutu ba, amma wata mata ta rasa ƙafa. Har yau bai san sunanta ba. Ya yi wata huɗu a asibiti ana raba shi da shaƙe-shaƙen. Da za a sallame shi likita ya ce ya canza sana'a, don ba a barin wanda ya tuba da abu ya wuni da shi a gaban hancinsa. Ba shi da wata sana'ar. Yana da mata da jariri. Sai ya zauna ya ƙirƙiro wannan doka, ya ɗora wa kansa.

Ba facin ne ya sa ake wannan rubutu ba. Bencin ne.

Babu allo a wurin, babu wanda ya yi shela. Amma mutanen da ke neman rabuwa da ƙwaya, ko maganin tari, ko sholisho, sun san inda za su zauna da safe, lokacin da jiki ke tambayar abin da ya saba. Baba ba ya yi musu wa'azi. Yakan miƙa wa mutum taya ya ce ya wanke. Wani direban tanka ya ba da labarin cewa Baba ya rufe shago wuni guda, ya raka shi asibiti a ƙafa, don ya san in aka bar shi shi kaɗai a mota zai sauka a hanya. Wata mata mai ɗinki ta ce sau uku mijinta yana komawa, sau uku Baba yana matsa masa wuri a benci, bai taɓa tambayarsa ina ya shiga ba. Wasu sun tsaya da ƙafarsu. Wasu an binne su. Baba ya san adadin kowane ɓangare, ba ya faɗa.

Baba, kai ne wanda bai taɓa ce wa kowa zai warkar da shi ba. Kai ne mai cewa magani yana asibiti, nan wurin zama ne kawai. Dattijon bakin titi, mai gajeren zance.

A gida kuwa akwai wata muhawara da ta girmi wasu daga cikin 'ya'yansa. Matarsa ta ce ya warke tuntuni. Mutumin da ya aurar da 'ya'ya uku, wanda ko sigari ba ya kusanta, a ce har yanzu yana gudun ɗan gwangwani a gaban yaran mota? Sunan da ake kiransa da shi yana yi mata ciwo. Amsarsa ba ta canzawa.

“Na daina, Maman yara. Warkewa kuma ban sani ba.”

A bana bayansa ya ƙi. Likita ya ce ya bar ɗaga taya ko ya kwanta gaba ɗaya. Dole ya miƙa shagon ga wani, kuma kowa ya san wa ake sa rai.

Autan su matarsa ne, mutum mai kusan shekara arba'in, da ake kira Kwandasta saboda aikin da ya yi kafin ƙwaya da sholisho su jefo shi daga mota. Baba ne ya ɗauko shi daga bayan tasha, ya kai shi asibiti, ya zaunar da shi a benci, ya koya masa aikin. Shekara uku ke nan bai taɓa komai ba. Hannunsa ya faɗa, ya fi Baba sauri. Matarsa da ta tafi gidansu da yara biyu ta dawo, bisa sharaɗin ya sami aiki tsayayye. Shagon nan shi ne aikin. In ya kuɓuce masa, shi da kansa ya san abin da zai biyo baya.

Abu ɗaya ya hana. Kwandasta ya ce ba zai bi dokar ba.

Ya ce shi ya warke, likita ya sallame shi, yana da takarda. Ba zai riƙa tura mutane shagon mai batir kamar ɗan aike ba, ba kuma zai gaji sunan tsiya ba. Baba ya ce to shagon zai tafi hannun baƙo. Suka yi sati biyu a haka. Da can wasa ne tsakaninsu, irin na miji da ƙanin mata, Baba ya ce masa ragon Auta, shi ya ce wa Baba tsohon injin da ba ya tashi sai an tura. Wasan ya mutu. Matar Baba ta rasa wanda za ta ba haƙuri, mijinta ko ɗan'uwanta.

Ranar Alhamis abin ya fashe a gaban masu zaman benci. Kwandasta ya jefar da sufana.

“Yaya, tsakani da Allah. Shekara ashirin da huɗu, har yau ba ka iya riƙe gwangwani. To mu me muke jira a nan? Ka faɗa musu gaskiya mana, ka ce babu fita.”

Mutum biyar ne a bencin, babu wanda ya ɗago kai. Ɗaya daga cikinsu kwanansa tara kacal da dainawa. Baba ya dube shi, ya ga yadda yake murza gwiwa. Ya nemi abin da zai ce wanda ba ƙarya ba ne, kuma ba zai kori mutumin ba. Bai samu ba. Ya sunkuya ya ɗauki sufanar, duk da bayan, ya mayar kan buhu.

Direbobi sun sa ranar Asabar don yi masa bankwana. Da kyakkyawar niyya sakatarensu ya haɗo kaya a kwali, don duk wanda zai gaji shagon ya fara da ƙafar dama: sabon jak, faci, sufanu, da babban gwangwanin sholisho, irin wanda ke kai wata shida. Ya karɓi makullin ajiya wajen matar Baba ranar Juma'a da yamma, ya ce ba-zata za su yi. Ya ajiye kwalin a cikin shagon, ya ɗora jak ɗin a sama, ya kulle. Mutanen nan sun shekara ashirin da huɗu suna shafa sholisho da hannunsu a wurin. Sun ɗauka halin tsoho ne kawai, abin dariya. Ko ɗaya bai taɓa tunanin dokar tana riƙe da wani abu ba.

Nauyin jak ya lotsa murfin gwangwanin, sholisho ya tsiyayo. Shagon na kwano ne, babu taga.

Tun da bayan Baba ya matsa, Kwandasta ne ke buɗewa. Ranar Asabar Baba ya taho da hantsi, shi da matarsa, yana sanye da fararen kayan da ta goge masa. Tun daga nesa ya ga ba a ja benci ta inda iska take ba. Injin iska ba ya waje. Keken Kwandasta na jingine da bango. Kwaɗo na rataye a buɗe, ƙofa kuma a rufe.

Saura taku goma warin ya same shi.

Ya tsaya cak. Matarsa ta yi gaba kaɗan kafin ta lura, ta juyo, ta ga fuskarsa. Mai batir ya taho da sauri yana cewa tun ɗazu yake buga ƙofa, na ciki ya ce kada wanda ya shigo. Sakatare ya iso da wasu direbobi, ya ji warin, ya dafe kai. Nan take aka fara shawara. A banka ƙofar, mutum biyu su riƙe shi, a jawo shi waje. Wani ya ce a yi sauri, matar Kwandasta da yaran suna hanya, an gayyace su taron.

Baba ya ce a'a. Ya ce shi ma an taɓa jawo shi, sau huɗu, kuma duk lokacin kafin la'asar ya nemo wani gwangwanin. Wanda aka ja a ƙasa a gaban jama'a ba ya da sauran abin da zai kare. In Auta zai fito, da ƙafarsa zai fito.

Matarsa ta riƙe hannun rigarsa. Ita ce mai cewa ya warke, amma ba ta sake shi ba sai da ya zare hannun da kansa. Ya ce ta sa ƙafarta a bakin ƙofar, kada ta bari ta rufe, kada kuma ta buɗe ta gaba ɗaya.

Ya ƙwanƙwasa. “Ni ne, ragon Auta.”

Ya tura ya shiga.

Abin da ya faru a ciki daga bakinsa aka ji, don daga baya ya faɗa wa masu zaman benci bai rage komai ba. Duhu ne, sai ɗigon haske ta hujojin kwano. Ya yi niyyar riƙe numfashi, amma tsoho mai ciwon baya ba ya riƙe numfashi da nisa. Ya ja na farko. Yawu ya cika masa baki. Ya ja na biyu, ciwon bayan da ya hana shi barci wata takwas ya yi shiru, kamar an kashe rediyo. Abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ya zaci zai ji ƙyama. Daɗi ya ji. Jikinsa ya gane warin kamar jiya suka rabu.

Kwandasta na zaune a kan tayar babbar mota. Gwangwanin na tsakanin ƙafafunsa. A hannunsa akwai tsumma, ya jiƙe sharkaf, ya ɗora shi a kan gwiwa. Idanunsa sun yi ja.

“Ban kai hanci ba, Yaya. Wallahi ban kai ba.”

“Na gani. Wa ya rufe ƙofa?”

Kwandasta ya ce shi dai ya shigo ne ya fitar da gwangwanin. Ya ɗauki tsumma don ya goge wanda ya zube. Bai san lokacin da ya mayar da ƙofar ba. Tun ɗazu yake cewa zai tashi.

Baba ya zauna kusa da shi. A waje yana jin muryar ƙaramar yarinya tana tambayar ina babanta. Sun iso ke nan. Kwandasta ma ya ji. Hannunsa ya damƙe tsumman.

Baba ya miƙa nasa hannun ya ce a ba shi. A nan ya yi kuskure, shi da kansa ya faɗa. Ya ɗauka zai karɓa ya jefar. Kwandasta ya ba shi. Sanyin abin ya ratsa tafinsa, karo na farko cikin shekara ashirin da huɗu. Ya ce wa hannun ya jefar. Hannun bai jefar ba. Ya zauna yana kallonsa yana tasowa a hankali, daga gwiwa zuwa ciki, daga ciki zuwa ƙirji. Ya tuna matar da ta rasa ƙafa. Ya tuna jikokinsa. Hannun bai tsaya ba.

“Auta,” ya ce, “tashi ka fitar da ni. Hannuna ba ya jin maganata.”

Kwandasta ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya ce wayo ake yi masa, ya san halin Yaya. Sai ya juyo ya dube shi sosai. Ya ga tsumman ya kai wuyan rigar tsohon, ya ga idon bai ma san da shi a wurin ba.

Ya make hannun. Tsumman ya faɗi. Ya tallabi Baba ta hammata, ya ɗaga shi, ya sa kafaɗa ya ture ƙofar har yayarsa ta kusa faɗuwa.

Mutum fiye da ashirin sun ga fitowarsu. Kwandasta ne riƙe da Baba. Ya kai shi tsallaken titi inda iska take, ya zaunar da shi a ƙasa. Baba ya yi amai a kan fararen kayansa. Mai batir ya ɗaure hanci da hankici, ya shiga ya fito da gwangwanin, ya yi nesa da shi. Sakatare ya durƙusa yana neman gafara, Baba ya ɗaga masa hannu, alamar ya isa.

Wani direba, don ya sassauta abin, ya ce kai, tsoho ya iya dabara, ya yi kamar zai shaƙa don ya fito da yaron. Wasu suka fara murmushi. Hanya ce aka buɗe wa Baba ya fita da mutuncinsa. Matarsa na kallonsa. Mutumin nan mai kwana goma sha ɗaya yanzu yana tsaye a gefe yana kallonsa.

Baba ya goge baki. “Ba dabara ba ce. Da ya ƙara minti ɗaya da na kai.”

Sannan ya laluba aljihu ya ciro nasa makullin, ya miƙa wa Kwandasta. Kwandasta ya ƙi karɓa. Ya ce Yaya ya ga abin da ya yi, ya rufe ƙofa da hannunsa, a ba baƙon kawai. Matar Kwandasta na tsaye da yaran.

“Da shekaranjiya ne ba zan ba ka ba,” in ji Baba. “Yanzu ka san abin da na sani. Karɓi, hannuna ya gaji.”

Ba a yi jawabai ba a ranar. Kujerun da aka kawo aka mayar. Kafin azahar Kwandasta ya kira mai walda, ya sa aka cire ƙofar kwanon aka sa ta raga, wadda ana ganin na ciki daga titi. Baba kuwa gida aka kai shi. Ya roƙi matarsa ta ɓoye takalmansa don kada ya fita nema, ta zauna kusa da shi har yamma. Ta zauna. Tun daga ranar ba a sake jin ta ce ya warke ba. In an tambaye ta sai ta ce mijinta yana tsaye, ita kuma tana kusa.

Masu zaman benci har yau ba su daidaita ba. Wasu sun ce abin da ya faru ya nuna babu mai rabuwa da shi har kabari. Wasu sun ce mutumin da ya shiga ɗakin nan ya fito, ya kuma kwana bai nema ba, in ba shi ne ya ci nasara ba to wane ne. An kai maganar gaban Baba, wanda yanzu yake zuwa zama kawai, ba aiki ba. Ya ce su ci gaba da musun, yana hana su tunanin wani abu. Mai kwana goma sha ɗayan nan ya shiga wata na huɗu.

Baba, kai ne ka shiga inda ka shekara ashirin da huɗu kana gudu, saboda wani. Kai ne aka ba ka ƙarya mai rufa asiri a gaban jama'a, ka mayar, don ka san akwai mai sauraro da gaskiyar za ta yi wa amfani. Ba ka da lambar yabo, ba ka da hoto a ofishin kowa. Akwai dai gidaje da ake dafa abinci yau saboda kai, akwai yaran da ubansu ke dawowa da yamma da ƙafarsa. Mun gode. Allah ya ba bayanka lafiya, ya tsare maka hannunka har ƙarshe.

Sauran mu kuma, kusan kowa yana da wani nasa da ya shige ya mayar da ƙofa. Tsayawa a waje ana faɗa bai taɓa fito da kowa ba. Wanda zai iya, ya shiga. Kada dai ya shiga da girman kai, kuma ya bar wani a bakin ƙofar ya riƙe masa ita.